Ƙugiya marar kunne: tausayin kifi ne ko wahalar da shi sau biyu?

Baban Sadiq (Winnipeg):
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah ina son masu sanin harkar su da masu ilimin addini a gidan nan su taya ni duba wata magana. A nan lardin Manitoba na Kanada inda muke zaune doka ce, duk wanda zai jefa fatsa a ruwa dole ƙugiyarsa ta zama ba ta da kunne, wato ɗan ƙarfen nan da ya juyo baya kusa da tsini wanda ke hana kifi zarewa. Ko dai ka sayo wadda aka ƙera babu shi, ko ka sa filaya ka matse shi har ya kwanta ya manne da jikin ƙugiyar. Kana iya ajiye mai kunne a akwatin kayanka ba wanda zai ce maka komai, amma in ma'aikata suka same ta ɗaure a zarenka to tara ce.

Sai kuma dokar girma. Akwai wata irin tarwada a kogin Red River, mutane har daga Amurka suke zuwa Lockport, arewa da Winnipeg kaɗan, don su kama ta a gindin madatsar ruwa. In ta wuce santimita 60 ba ka da ikon tafiya da ita gida, dole ka mayar. Kuma mafi yawan waɗanda ke cin koto a wurin sun wuce hakan, wasu har kilo 10 ko fiye. Ni dai ra'ayina tunda dole ne a saki, to marar kunnen ita ce daidai, kana juya ta ta fita kifi ya yi tafiyarsa. Amma wani ɗan'uwa da muke masallaci ɗaya ya ce min duk wannan yaudarar kai ce, wai ka huda bakin dabba ka ja ta har ta galabaita sannan ka ce ka tausaya mata don ka matse wani ɗan ƙarfe. Maganar ta tsaya min a rai gaskiya. Me kuka gani?

Dan Yawuri:
wa alaikumussalam Alhaji. ni dai na tashi a gidan masunta, kakana da babana duk a ruwa suka kare rayuwarsu, kuma wlh ban taba jin ance a kama kifi kilo goma a maida shi ruwa ba. mu in Allah ya baka irin wannan ranar ai gida ya samu na cefane na sati. kunnen kugiya kuwa ba ado bane, shine kugiyar. ka dauki mamari, igiya ce doguwa da kugiyoyi rututu, da yamma zaka shimfida ta ka tafi gida sai asuba ka dawo dubawa, to in babu kunne wa zai rike maka kifin duk daren? ko daya bazaka tarar ba

Baban Sadiq (Winnipeg):
Wannan gaskiya ne malam, a mamari ba za ta yi ba ko kaɗan. Marar kunne tana aiki ne kawai in hannunka na kan sanda kuma zaren a miƙe yake, da ka bari ya yi sako-sako ko na ƙiftawar ido kifi zai girgiza kai ya tofar da ita. Shi ya sa sabon shiga ke yawan rasa kifi da ita. Kuma ka tuna a nan ba neman na cefane ake ba, masu sana'ar su daban suke da lasisinsu da tarunsu a tafkin Winnipeg, wannan dokar ta masu sanda ce.

Ɗan Bussa:
Salam iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a fannin kifi a nan New Bussa, bari in ɗan sa baki don abin nan an yi bincike a kansa sosai kuma sakamakon ba yadda mutane ke zato ba ne.

A 1997 wasu masu bincike biyu na hukumar kula da kifi ta jihar Idaho a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a baya kan kifin nan na ruwan sanyi da ake kira tirawut, wanda aka kama da koton roba ko na gashi aka saki. Da ƙugiya mai kunne kashi 4.5 cikin ɗari ne suka mutu, da marar kunne kashi 4.2. Kun ga bambancin bai taka kara ya karya ba, har su masu binciken suka ce dokar ta fi kama da abin da jama'a ke so a ransu, ba wai ita ke ƙara yawan kifi a kogi ba. To amma kar wani ya ɗauka shikenan an gama magana. Akwai wani gwajin da aka yi a Kanada a 1992, aka gajiyar da kifayen tirawut kamar yadda fatsa ke gajiyar da su, waɗanda ba a fitar da su daga ruwa ba kashi 88 suka rayu, waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30 kashi 62 suka rayu, waɗanda aka riƙe minti ɗaya cur kashi 28 kacal. Minti ɗaya fa jama'a. To a nan ne amfanin marar kunne yake, ba ramin da ta huda ba ne ya fi ƙanƙanta da wani abin kirki, lokacin cirewa ne take ragewa. Mai kunne in ta kafe sai ka danne kifi a ƙasa kana murɗawa kana ja yana fizge-fizge, yauƙin jikinsa da ke kare shi daga cuta yana gogewa a yashi, kafin ka gama minti biyu sun wuce. Marar kunne kuwa ko fitar da shi daga ruwa ba sai ka yi ba, ka kama ta da filaya ka juya.

Dan Yawuri:
dalibi kayi hakuri amma wane irin kifi ne minti daya a waje zai kashe shi? tarwada muna zuba ta a daro da dan ruwa kadan tun safe har la'asar a kasuwa tana motsi. gaiwa ma a cikin busasshen tabo take rani gaba daya

Ɗan Bussa:
Kawu ai ka kawo misalin waɗanda Allah ya yi wa baiwa ta daban ne. Tarwadarmu tana da wani abu a cikin kanta, sama da jan abin numfashin nan na ƙarƙashin kumatu, da shi take shaƙar iska kai tsaye, gaiwa kuma huhu gare ta sosai. Ita tarwadar su Baban Sadiq kama ce kawai da gashin baki, ba dangi ɗaya ba ne, ba ta da wannan abin, duk da dai tana da juriya fiye da tirawut. Ka tuna giwan ruwa ko tsage in ka jefa su cikin kwalekwale yaya suke yi? Ba sa daɗewa ai. Sauran kifaye jan abin nan sai a cikin ruwa yake buɗewa, da an fito da shi iska sai ya manne da juna, ga shi kuma kifin ya riga ya gaji da kokawa jininsa na neman iska ruwa a jallo.

Dan Yawuri:
eh giwan ruwa kam baya jure waje, wannan haka yake

Maman Hanifa:
Sannunku da muhawara. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban san komai a kan kifi ba sai soya shi, amma na san ƙugiya a jikin mutum. Ana kawo mana yara, yawanci yatsa ne ko tafin ƙafa, wani lokacin kunne ko fatar kai in ɗan'uwansa ya wurga fatsa yana tsaye a bayansa. In mai kunne ce ba ta fitowa ta inda ta shiga, sai an yi allurar kashe zafi sannan ko a tura ta gaba tsinin ya ɓullo ta wani wurin a datse kunnen a zaro, ko a ɗan tsaga fatar. Kuma kafin su zo an riga an yi ta ja a gida an yayyaga naman, ga datti ga ƙarnin koto, dole a duba maganar allurar tetanos. Marar kunne kuwa yadda ta shiga haka take fita. Don haka Yaya Baban Sadiq ko babu doka in dai da yara za ka je bakin ruwa ka matse abin nan, kuma ka sa musu tabarau. In ta shiga ido ko kusa da ido kar kowa ya taɓa, a rufe a hankali a yi asibiti.

Baban Sadiq (Winnipeg):
Na gode Hajiya, Allah ya saka. Dama ita tarwadar nan tana da ƙayoyi masu tsini a baya da gefe kamar na kurungu, in kana kokawar cire ƙugiya mai kunne tana fizga hannunka ne a tsakani.

Malam Ƙarami:
Assalamu alaikum warahmatullah. Na karanta duk abin da aka rubuta. Ina ganin tambaya biyu ce aka haɗa wuri ɗaya, gara a raba su.

Ta farko, shin ya halatta mutum ya je kama kifi ba don ci ba, ba don sayarwa ba, sai don nishaɗi kawai? Asalin farautar ruwa halal ce, Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida aya ta 96 cewa an halatta muku farautar teku da abincinsa. Amma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san inda ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da Manzon Allah (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Don haka wanda ya fita tun daga gida da niyyar ya kama, ya ɗauki hoto, ya saki, ya sake kamawa, ni a fahimtata bai kuɓuta daga wannan karhancin ba, ko da wace irin ƙugiya ya yi amfani. Ɗan'uwanku na masallaci yana da hujja a nan.

Ta biyu, mutum ya fita neman wanda zai ci, sai wanda doka ta hana ɗauka ya faɗa masa, ko ƙarami ne da bai isa ci ba. Wannan dole ya saki, kuma ya shiga ƙasar mutane da alƙawarin bin dokarsu. To a nan hadisin kyautatawa ne ke aiki, Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har aka ce in za ku yi yanka ku wasa wuƙa ku hutar da abin yankan. In dabbar da za a yanka ma an ce a gaggauta a hutar da ita, ina ga wadda za a mayar ta ci gaba da rayuwa? Duk abin da zai rage mata wahala, matse kunnen ƙugiya ne, jiƙa hannu ne, saurin mayarwa ne, ya shiga cikin wannan. Allah ne mafi sani.

Na Leeds:
Allah gafarta Malam ina girmama maganarka ƙwarai, amma ka bar ni in faɗi nawa ɓangaren don ni ina cikin waɗanda ka ambata a kashi na farko, kuma ba na jin wasa nake. A Ingila kusan duk masu kamun kifin tafki ba sa ci, kamawa ake a saki, haka al'adar take kuma yawancin tafkunan mallakar wasu mutane ne, ba ka isa ka fita da kifi ba tare da izininsu ba. Sai ka sayi lasisin sanda na gwamnati sannan ka biya mai tafki kuɗin wuni. A koguna ma akwai lokacin da ake rufewa, daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, don kifi ya yi ƙwai. Mutum yana aikin dare, ba dangi kusa, sanyi, ɗaki ɗaya, wallahi zaman bakin ruwan nan daga asuba zuwa hantsi shi ke sauke min abin da ke kaina, a nan nake lazimina ma. Kuma kuɗin lasisin da muke biya da shi ake gyaran ruwan da kula da kifin.

Kan maganar ko suna rayuwa bayan an saki, akwai wata shahararriyar kifanya, irin babban kifin tafkin nan da Turawa ke kira kaf, da aka sa wa suna Benson a wani tafki kusa da Peterborough, ta kai wajen kilo 29, an kama ta sau 63 kafin ta mutu a 2009, har jaridu suka buga labarin mutuwarta. Da sakin yana kashewa ai da ba ta kai ko na biyar ba.

Dan Yawuri:
inna lillahi. sau 63? dan uwa wannan misalin naka ai ni ya kara tsaya min. mu in mun kama sau daya ne, ta mutu, yara sun ci, an gode Allah. ita kuwa wannan baiwar Allah sau sittin da uku ana huda mata baki ana jan ta ana daga ta sama ana hoto. tsakani da Allah wa yafi tausayi, mu ko ku?

Na Leeds:
Na ji zafin maganarka kuma ba zan ce ba ka da gaskiya gaba ɗaya ba. Amma ka zo ka ga yadda ake yi kafin ka yanke. Dole ka zo da shimfiɗa mai laushi wadda za ka jiƙa ka ɗora kifin, dole komar ɗauko kifi mai faɗi, wasu tafkunan har maganin shafawa a bakin kifi suke cewa ka riƙe, in mai tafki ya ga ka ɗaga kifi kana tsaye ko ka ajiye shi a kan tsakuwa korarka zai yi. Sannan ga wani abu da zai ba Baban Sadiq mamaki, ba duka tafkuna ne suka yarda da marar kunne ba. Wasu sun wajabta ta, wasu kuma sun hana ta sam, hujjarsu ita ce babban kifi in an daɗe ana kokawa da shi marar kunne tana ta motsi a cikin naman tana faɗaɗa ramin, wani lokacin ta zare ta sake huda wani wuri, ita kuwa mai ɗan ƙaramin kunne tana kafewa wuri ɗaya. Ni kaina na ga kifaye masu yagaggen baki a tafkin da ake amfani da marar kunne zalla, ko da yake ban isa in rantse ƙugiyar ce ta yi ba ko hannun mutanen da ke fizga da ƙarfi.

Ɗan Bussa:
Yaya Na Leeds wannan ƙorafin sananne ne a wurin masu kamun kaf, kuma hannun mutum yana da nasa kason sosai, sanda mai tauri da zare marar miƙewa da ja da ƙarfi duk suna yaga baki ko wace ƙugiya ce.

Amma ina so in jawo hankalinmu ga abin da ya fi kunne muhimmanci, wato INDA ƙugiyar ta kama. A 2005 an tattara bincike masu yawa kan kifaye iri-iri da ake saki, matsakaicin mutuwa ya kai wajen kashi 18 cikin ɗari, kuma babban abin da ke raba mai rai da matacce shi ne wurin da ƙugiya ta shiga. In a leɓe ne ko gefen baki yawanci lafiya lau. In ya haɗiye ta ta kama maƙogwaro ko ciki ko jan abin numfashi har jini ya zuba, to ko ka ga ya yi iyo ya tafi akwai yiwuwar gobe ya taso a mace. Kuma haɗiyewa ta fi faruwa da koto na gaske, tana ko yankan kifi ko kwaɗo, musamman in mutum ya kafa sanda ya koma gefe yana danna waya har kifi ya gama haɗiya. Su Baban Sadiq da yankan kifi suke kama tarwadar nan ai. Shawarata a nemi ƙugiyar nan mai zagaye wadda tsininta ya lanƙwaso ciki yana kallon jikinta, ita ko an haɗiye ta in zare ya miƙe sai ta zamo ta fito ta kama kusurwar baki, ba a fizgarta, naɗe zare kawai ake a hankali. A matse kunnenta, an haɗa biyu kenan. In kuma duk da haka ta shige can ciki ba ka ganinta, kar ka tura yatsa ko filaya kana tono, yanke zaren kusa da baki ka sake shi, an gwada an ga waɗanda aka bar musu ƙugiya sun fi rayuwa a kan waɗanda aka tono, da yawa ma suna fitar da ita da kansu daga baya, kuma marar kunne ta fi saurin fita.

Baban Sadiq (Winnipeg):
Madalla da wannan bayani ƙanina. Mai zagayen ita mutane da yawa ke amfani da ita a Lockport. Abin da na lura kuma yawancin ɓarnar wajen hoto ake yinta, an cire ƙugiya cikin daƙiƙa biyar amma sai a riƙe kifi ana neman waya a aljihu, a ɗauka a duba a ce bai yi kyau ba a sake, wani ma ya rataye ta da hannu ɗaya ta kumatu duk nauyinta na lilo. Irin wannan ko ƙugiyarsa ba kunne bai yi komai ba.

Ɗan Zango (Hamburg):
Salamu alaikum 'yan'uwa. Malam Ƙarami zai ji daɗin wannan. A Jamus dokar kare dabbobi ta ce ba ka da ikon jawo wa dabba ciwo ko wahala sai da dalili mai ma'ana, kuma ci shi ne dalilin da aka sani a kamun kifi. Wanda ya je da niyyar kamawa ya yi hoto ya saki kawai ana iya kai shi kotu, kuma an sha kaiwa. Kafin ma a ba ka takardar kamun kifi sai ka yi karatu ka ci jarrabawa, har da yadda za ka buga wa kifi a ka ya suma kafin ka soke shi. Siwizalan ta fi tsanani, tun 2008 dokarsu ta hana kamun kifi da niyyar saki ƙarara, kuma ta hana ƙugiya mai kunne sai a wasu wurare da aka keɓe ga masu takardar ƙwarewa. Kun ga su sun haɗa biyun, kar ka yi don wasa, in kuma dole ta sa ka saki to ƙugiyarka ta zama mai sauƙin fita.

Amma nan Hamburg a 2019 sun canza doka sun kawo abin da ya yi kama da na Manitoba, wasu kifayen akwai ƙaramin awo akwai babba, wanda bai kai ba ka mayar, wanda ya wuce ma ka mayar, na tsakiya kawai za ka ɗauka. Dalilinsu manyan mata su ne masu ƙwai da yawa.

Malam Ƙarami:
To alhamdulillah. Wannan tsarin na Siwizalan da ka faɗa ya yi kusa ƙwarai da abin da na fahimta daga littattafanmu. Na Leeds kuma ban ce haramun kake yi ba ɗan'uwa, karhanci na ce, kuma abin da ka faɗa na halin kaɗaici ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya yaye. Sai dai ina ba ka shawara in akwai inda doka ta yarda ka ɗauki na ci, ko bakin teku ne, ka fi karkata can, ka samu natsuwar ka kuma kai wa iyali ko maƙwabta.

Na Leeds:
Na gode Malam, amin. Bakin teku akwai nisa daga inda nake amma ana zuwa, kuma can ana ɗaukar na ci. Zan duba.

Maman Hanifa:
Ni tambayata ɗaya, wai kifin yana jin zafi ne kamar yadda muke ji? Don duk muhawarar nan a kan wannan ta tsaya.

Ɗan Bussa:
Hajiya masana kansu ba su haɗu a kai ba. A 2003 wata mai bincike Lynne Sneddon da abokan aikinta a Scotland sun nuna tirawut na da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon rauni a fuska da leɓe, da aka sa musu abu mai yaji a leɓe sai suka daina cin abinci na wani lokaci, numfashinsu ya ƙaru, wasu suna goga bakin a tsakuwa. Wasu masanan kuma suka ce wannan martanin jiki ne kawai, ƙwaƙwalwar kifi ba ta da ɓangaren da ke sa mutum ya san yana jin ciwo. Ni dai tunda abin da shakka, kuma matse kunne ba ya cin ko sisi, na fi son a ɗauka yana ji.

Dan Yawuri:
to naji duk bayananku kuma na karu, musamman maganar minti daya din nan. amma bari in fadi abinda ke ci min rai. mu nan matsalarmu ba kunnen kugiya bane. matsalarmu masu jan tarun nan da ake kira dala da masu kamun kifi da gidan sauro suna kwashe yan mitsi mitsin da ko yatsa basu kai ba, da masu zuba gamalin a ruwa su kashe komai har kwadi, mutane kuma su saya su ci. babana yana bada labarin irin giwan ruwan da ake kamawa bayan an gama dam din Kainji a 1968, wanda sai mutum biyu sun dauka, yanzu sai ka dade baka ga irinsa ba. kuma maganar barin manya su hayayyafa ba bakon abu bane a wurinmu, ku duba Matan Fada a Argungu, ai hana kamun kifi ake a wurin sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na lura, shi yasa ake fito da manya ranar. to in da zaa samu masu fatsa a nan su rika maida kananan da basu isa ci ba maimakon a jefar dasu a kasa yara na wasa dasu, wannan kam na yarda a matse kunnen. amma babba in ya shigo hannuna Alhaji sai dai kuyi hakuri, tukunya zashi

Baban Sadiq (Winnipeg):
Ai kai naka halal ne malam, sana'arka ce kuma babu dokar da ta hana ka. Nan ɗin ma dalilin da ya sa har yanzu ake samun manyan shi ne ruwansu sanyi gare shi, kifi ba ya saurin girma, babbar tarwadar Red River tana iya haura shekara 20, in kowa ya ɗauki ɗaya ya tafi da ita cikin 'yan shekaru za a nema a rasa. Ni abin da zan riƙe daga maganar Malam shi ne niyya, in fita neman ƙananan da doka ta yarda in ci, in babba ta faɗo in sallame ta tun tana cikin ruwa.

Na Leeds:
Baban Sadiq wata tambaya, kana matsewa ne ko kana sayen wadda ba ta da shi tun asali? Don ni na ga in na matse wasu sai kunnen ya karye ya bar ɗan kaifi, wasu ma ƙugiyar ce gaba ɗaya ke karyewa daga wurin.

Baban Sadiq (Winnipeg):
Matsewa nake don masu kunne sun fi yawa a shago kuma sun fi araha. Ka nemi filaya mai santsin baki ba mai haƙora ba, ka riƙe ƙugiyar ta yadda tsinin zai shiga tsakanin bakin filayar a miƙe ba a gicciye ba, ka danna a hankali kana ɗan juyawa. Ka yi tun kafin ka ɗaura ta a zare don in za ta karye ta karye a hannunka ba a bakin kifi ba. In ka gama ka soka ta a tsohuwar riga ko safa ka zaro, in ta kamo zare ko ɗaya to da saura, ka sake dannawa. Ƙananan ƙugiyoyi ne suka fi karyewa, su kam gara ka sayi marasa kunnen kawai.

Ɗan Bussa:
Kuma in koto na yawan zamewa tunda babu abin riƙe shi, ku yanko ɗan guntun roba ƙarami ku soka a bayan koton, zai tare shi. Kawu Dan Yawuri in ka samu dama don Allah ka turo min hoton irin ƙugiyoyin da kuke sa wa mamari yanzu da lambarsu, ina son in gwada su da waɗanda muke da su a makaranta.

Dan Yawuri:
ba damuwa dalibi, in na sauka bakin ruwa da yamma zan dauko maka